Ranar da Na Shaƙe Jitar Haruna Direba

Samarin da ke zama a bencin mai shayi, daura da rumfata a nan Bodinga, sun daɗe da yanke hukunci cewa fesa fenti ba sana'a ba ce. Wai latsa ƙarfe ne, iska ta ƙarasa sauran. Ɗayansu ma ya ce matarsa tana yin irin aikina kowace rana da maganin sauro, kuma ba ta taɓa cewa a kira ta oga ba. Na taya su dariya, don ni ma da wannan hankalin na shiga sana'ar, shekara talatin da wani abu ke nan. Sunana Mamman, amma in kun tambayi Mamman a tasha za a nuna muku mutum goma. Ku ce Mamman Kiliya. Kiliya ita ce ruwan nan garai-garai marar launi da ake fesawa daga ƙarshe, bayan fenti ya zauna, don abu ya yi sheƙi kuma ya jure ruwa da rana. Bokona aji uku ne, na bar shi ya huta ni ma na huta, saboda haka ku karɓi zancen yadda ya zo.

A Sakkwato na koya, wurin Malam Buhari, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ban taɓa bindiga ba. Bindiga muke ce wa abin fesawar, mai kofi a ka da tiyo a gindi wanda ke jawo iska daga kwampireso. Aikina sanfefa, in goge katako tun safe har yatsuna su yi sulɓi, in ɗauki ƙwayar gero ta suɓuce. Ranar da ya miƙo mani bindigar na ji kamar an naɗa ni sarauta. Sai na ga ya cika kofin da ruwan rijiya, ya nuna mani bangon bayan gareji. Wata guda cur ina fesa wa bango ruwa, har matan unguwa sunka fara tambaya ko aljanu ake kora. Shi kuwa yana zaune kan tsohuwar taya yana kallon inda bango ya fi jiƙa. Yakan ce tsakaninka da aiki taƙi guda ne. In ka matsa kusa, ruwan ya taru ya gangaro, mu ce aiki ya yi hawaye. In ka ja baya, ya bushe a iska kafin ya isa, ya sauka da kaushi kamar bayan kwaɗo. Kuma kafaɗa ke tafiya, ba wuyan hannu ba. Kunamar bindiga kuwa ba a sakinta sai an wuce ƙarshen katako. Duk ran da na saki a kai, ƙeyata ce ke jin bayani.

Sai kuma abin da ba a koya wa mutum, sai ya ɓata aiki ya gani. Da damina, in iska ta jiƙe, kiliya takan yi fari kamar an zuba mata nono. Da kaka, kana gama fesawa maƙwabciya ta fito sheƙar gero, ƙaiƙayi ya zo ya kwanta a kai kamar an gayyace shi. Ƙuda kuwa bai taɓa ganin wurin mutuwa mai kyau kamar tsakiyar ƙofar kabad ba. Shi ya sa muke yayyafa wa ƙasa ruwa, mu zagaye rumfa da buhuna, mu yi aiki da hantsi kafin iska ta tashi. In an gama a sha nono, wai yana wanke ƙirji. Ban san ko yana wankewa ba, amma dai na sha.

Gadon farko da na fesa ni kaɗai, bayan na dawo gida na kafa rumfa, na wata amarya ce daga Lambara. Ja mai duhu, da kiliya sau huɗu. Dangi sunka zo ɗauka, kowa na sa albarka, ni kuma ina ta murza gashin baki da a lokacin bai gama fitowa ba. Sai gwaggon amarya, wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta durƙusa, ta shige ƙarƙashin gadon da tocila. Ta daɗe. Da ta fito ta kakkaɓe gwiwa ta ce, "Kai ɗan nan, ƙarƙashin ga wa kab bar ma shi? Gara?"

Na ce, "Gwaggo, ai ba a gani."

Ta ce, "Kai ba ka gani. Ranar jere, dangin miji ba sama suka duba ba. Su buɗe kabad su leƙa ciki, su jawo durowa su juya ta. In sunka ga itace tsirara, su ce mun yi ma ɗiyarmu kwalliyar kasuwa."

Na juya gadon na sake fesawa, ciki da ƙasa. Daga ranar ya zame mani doka: duk abin da ya shigo rumfata sai na bi shi har inda ido bai kai. Da wannan na yi suna. Tun daga Dandin Mahe har Shagari, in uwar amarya ta je wurin kafinta takan ce, in ya gama a kai wa Mamman. Shekara ashirin ina cin wannan doka, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da za ta ci ni ba.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda katakon kamfani ya shigo, irin wanda ke zuwa da sheƙinsa tun daga masana'anta. Kafinta ya yanka, ya ɗaure da noti, ya miƙa wa mai shi, ba ruwansa da Mamman. Kakar nan kaf gado uku na fesa. Ga fetur na janareta ya yi tsadar da in na tayar da inji sai in ji kamar jinina yake sha. Na koma fesa ƙofofin ƙarfe da tankin babur. Har noman albasa na gwada, albasar ta gane ni ba manomi ba ne, ta ƙi fitowa. Abin da ya rage mani mai daraja a rumfa shi ne rabin gwangwanin kiliyar mota, saura daga wata bas da na yi wa gyaran fuska. Ita wannan ana haɗa ta da wani ruwa mai sa ta daskare, in ta bushe sai ta zama kamar gilashi.

A cikin wannan hali ne wata safiya ɗan kabu-kabu ya sauke wani dattijo a ƙofar rumfata, rungume da wani abu cikin zane kamar jariri. Haruna Direba ne, mutumin Shagari. Na san shi da suna. Shekara da shekaru yana jan babbar mota zuwa Nijar, har yanar ido ta rufe masa gani, ya koma ba ya ganin komai sai bambancin haske da duhu. A can Agadas wani abokinsa Buzu ya koya masa kaɗa jita, ya kuma bar masa tasa. Da ya ajiye tuƙi, ita ta zama gonarsa. Yakan zauna a tasha ya kaɗa, direbobi su yi masa alheri, a kira shi suna, a kira shi biki.

Ya ce, "Kai na Mamman Kiliya?"

Na ce, "Ni na, Baba Direba. Sannu da hanya."

Ya zauna ya warware zanen. Jita ce ta katako, ta tsufa, launinta kamar na busasshen ganyen taba. Ya kamo hannuna ya ɗora a gefenta na sama, inda fentin ya ƙare, itacen ya yi baƙi ya ɗan lotsa. "Nan damtsena ka zama. Gumi ya cinye fentin, yanzu ya hwara cin itacen. Ka shafa mata abin da za ya tare gumi. Kaɗan hwa, Mamman. Wani da yay yi man yaron mota da can, yanzu Alhaji na, ya sayi sabuwar mota, za ya yi walima nan da sati biyu. Ni za ni kaɗa. Duk manyan tasha za su zo, in sunka ji daɗi na samu aikin shekara."

Na ce, "An gama."

Ku lura, ya ce kaɗan. Amma ni a sana'ata duk wanda ya ce kaɗan, rangwame yake nema. Na ce a raina, tsoho ne, makaho ne, zan yi masa aikin da duk wanda ya gani a walimar nan zai tambayi wa ya yi. Gaskiya ke nan, ba shi kaɗai nake wa aikin ba, har da ni.

Na kwance tsirkiyoyin shida na nannaɗe. Na rufe wuyan da takarda kamar yadda muke rufe gilashin mota, kuma wannan kaɗai ne abin hankali da na yi a satin. Inda ya lotsa na cike shi da foti, irin wanda ake cike bugun mota da shi, na goge ya yi daidai. Na haɗa kiliyar motar nan da nake ta tattali. Na fesa, na jira, na goge da sanfefa mai laushi, na sake. Sau bakwai. Gadon amarya ma huɗu nake yi masa. Da na gama na rataye ta, sai idona ya faɗa cikin ramin nan da ke tsakiyar fuskar jitar. Na haska tocila. Itace tsirara, da wasu ƙananan katakai a jere kamar haƙarƙari, ko ɗigon fenti babu. Na ce kai, ashe har Turawa ma suna ha'inci. Na matse bakin bindiga, na zura ta ramin, na juya dama na juya hagu, sau uku, har cikin ya yi ƙyalli.

Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma har gobe ban janye maganar ba. Mai shayi ya zo ya gyara gemunsa a jikinta kamar a madubi.

Kwana biyar Haruna ya dawo. Ya karɓa ya auna nauyinta a hannu, na ga girarsa ta ɗan motsa. Ya shafa fuskarta. Ya ɗaura tsirkiyoyin da kansa, yana murɗawa yana saurare. Sannan ya buga.

Kun san muryar mutumin da ke magana daga cikin bargo? To, haka. Sautin ya fito ya faɗi nan gaban ƙafarsa, bai ko kai bencin mai shayi ba. Ya sake bugawa. Ya tsaya. Ya ɗaga jitar ya kai hancinsa bakin ramin.

"Mamman, mi kas sa mata ciki?"

Na ce, da sauran alfaharina, "Kiliya, Baba. Ni ba ni barin ciki. Ko'ina ta ji."

"Don wa?"

Na dubi ramin. Babu dangin miji da za su leƙa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Tsirkiya ba ta da murya, ɗan'uwa. Itacen ga shi ka rawa, kamar hwatar ganga. Ka taɓa ganin an yi ma kalangu yaɓe?" Sannan ya ce, kamar da kansa yake, "Kwana tara sunka rage."

Ya fara naɗe ta cikin zane. Na riƙe bakin zanen na ce ya bar mani ita. Ya ce in ƙara mata mi? Na ce in rage. Ya daɗe hannunsa na kanta kafin ya saki.

Nan na gane abin da na haɗa da hannuna. Kiliyar kujeru, in ka jiƙa tsumma da tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, ka goga, takan narke. Ta mota in ta daskare, tina wanka ne a wurinta. Sanfefa kuma in na matsa zan cinye itacen, don fuskar jita ba ta fi kaurin kwali ba. Sai na koma dabarar tsofaffin kafintoci: na fasa kwalba, na zaɓi ɓallin da bakinsa ya miƙe, na riƙa kankarewa a hankali, ana samun ɗan siririn abu yana naɗewa kamar bawon albasa. In baki ya dakushe in fasa wata. Kwana huɗu a kan waje kaɗai. Fotin nan na tono shi da bakin reza. Aikin da na yi alfahari da shi ya taru a ƙasa, na share shi da tsintsiya.

Ciki ne wahala. Ramin yana karɓar hannu in ka matse yatsu. Na riƙa zura hannu da guntun reza ina kankarar abin da ba na gani, ina bin tsakanin haƙarƙarin nan da lalube. Bakin ramin ya gurje mani wuyan hannu, gefen reza ya yanyanke yatsu, hannu ya kumbura ban lura ba. Rana ta shida, ana kiran azahar, na ja hannu ya ƙi fitowa. Na ja, na murɗa, na yi salati. Jita ta ce muna tare.

Ba halin in fasa ta, ba halin in yi alwala. Na yafa mata zane na nufi gida ta bayan layi, sai ga limamin masallacin tasha ya ɓullo. Ya dube ni, ya dubi wuyan jita da ya leƙo daga zane.

"Malam Mamman, waƙa anka koma?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, kama ni tay yi."

Ya ce, "Haka duk suka cewa."

Matata Hajara ta yi dariya har sai da ta zauna kan turmi. Ta ce, "Shekara ashirin ina roƙo ka sa hannu cikin aikin gida, ashe rami kaka jira." Ta kawo man gyaɗa, na ce a'a, itacen zai sha. Sai ta jiƙa busasshiyar kuɓewa ta dama, ta zagaye bakin ramin da leda, ta riƙa ɗura yauƙin a wuyan hannuna da cokali. Hannu ya fito sulluɓ. Na yi azahar ina ƙamshin miya.

Duk da haka ban kai ko'ina ba. Kusan rabin cikin na kankare. Can ƙasa wajen gindi, da lungunan kafaɗa, hannu bai isa ba, kuma har yau kiliyar tana nan.

Ana saura kwana biyu Haruna ya zo. Na miƙa masa ita tsirara, fari-fari, duk sawun kwalba. Bai ɗaura tsirkiya ba. Ya riƙe ta da wuya kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa fuskarta da gaɓar yatsa, nan da can. Ya ce, "Ta hwalka." Sannan ya ce har yanzu maganar gumi tana nan, sai an fesa, amma shi zai zauna. Na haɗa kiliyar kujeru, na tsinka ta da tina har ta koma kamar ruwan shayi. Na ja baya fiye da yadda Malam Buhari ya koya mani, na wuce sau ɗaya, kamar raɓa. Munka zauna jiran ta bushe, yana ba ni labarin hanyar Agadas da yadda ake tono mota daga rairayi. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara. "Ƙara." Na ƙara. Munka sake jira. Ya ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Tsaya nan."

Na dubi aikin. Babu sheƙi ko na anini, sawun kwalba duk ga su, inda ya lotsa yana nan a lotse. Yatsana yana ƙaiƙayi a kan kunama.

Na ce, "Baba, ɗaya tak. Don mutuncina."

Ya ce, "Mutuncinka ka kai ma gado."

Washegari ya ɗaura tsirkiyoyi ya buga. Sautin ya tsallake hanya, har wani mai keke ya waiwayo. Ƙananan tsirkiyoyin sun dawo tas. Babbar ta sama, mai kaurin murya, tana da sauran mura. Ya buga ta ita kaɗai sau uku, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Na jiya. Inda hannunka bai kai ba, na yahe."

Ranar walima na hau bas zuwa Shagari, ba don an gayyace ni ba. Bayan la'asar anka shimfiɗa tabarmi a gindin sabuwar motar, na samu bayan wasu masu manyan riguna na rakuɓe. Haruna ya fara a hankali, irin kiɗan Buzaye mai tafiya kamar raƙumi, yana ambaton garuruwan hanya ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin direbobi sunka bar cin nama. Wani ya ce a sake, aka sake. Tun bai tashi ba mutum biyu sunka riƙe hannunsa, ɗaya da suna, ɗaya da bikin ƙanwarsa. Ni kuwa kunnena yana kan babbar tsirkiya, kuma na ga duk inda ya zo kanta yakan ɗan ƙara mata ƙarfin yatsa. Babu wanda ya lura sai mu biyu.

Da anka lafa, Alhajin ya zo ya durƙusa gabansa ya yi godiya. Sai idonsa ya faɗa kan jitar. Ya karɓa ya juya ta a haske, ya ɓata fuska.

"Baba, wane mugu na yay yi maka wanga aiki? Kamar kaza ta yi tono. Ka ba ni ita in kai Bodinga, akwai wani Mamman Kiliya, in yat taɓa ta sai ka ga huskarka ciki."

Na ƙara nutsewa bayan masu riguna.

Haruna ya miƙa hannu ya karɓe abarsa, ya ɗora a cinya. Ya ce, "Na san shi, Alhaji, na taɓa kai mashi. Bar ta haka. Wanda yay yi man wanga ya hi Mamman Kiliya nesa ba kusa ba."

Yabo mafi girma da na taɓa samu a sana'a ke nan, kuma babu halin in tashi in karɓa.